A ina matan gida ke samo girkin da suka fi ji da shi?

Da gaske ne yanzu kowa a waya take koyon girki?

A waya ake ganin sabon abu, wannan kam haka ne. Amma ki tambayi mace goma wane abinci ne idan sun yi baƙo na kunya suke ɗorawa ba tare da fargaba ba, za ki ji mafi yawansu sun koma gida: miyar taushen Inna, dambun shinkafar Gwaggo, wainar wata maƙwabciya da suka taɓa zama gida ɗaya. Abin da aka fi ji da shi yawanci a tsaye aka koye shi, a bakin murhu, ana aikenki ɗauko maburgi ana kuma yi miki faɗan kin bar talge ya yi gudaji.

Dalilin kuwa a fili yake. Girkinmu na gargajiya kusan duk ido ne da hannu. Babu wadda ta taɓa gaya mini minti nawa tuwon shinkafa ke yi kafin a tuƙa. An dai nuna mini yadda shinkafar ke narkewa idan aka danna ta da muciya. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

To me ya sa idan na tambayi mahaifiyata awo sai ta ce "ki zuba daidai"?

Ba rowa take yi miki ba, 'yar'uwa. Ita ma ba ta taɓa aunawa ba. Ɗauki ɗanwake: garin wake, garin rogo ko fulawa, kuka, sai ruwan kanwa. Abu huɗu kacal. Amma kanwar da aka sayo yau ba lallai ƙarfinta ya yi daidai da ta makon jiya ba, kukar bana ma ba ɗaya take da wadda ta shekara a leda ba. Idan kanwa ta zarce, ɗanwaken ya yi duhu ya yi bauri. Idan kuka ta gaza, ya watse a tukunya ki sha kunu. Shi ya sa take jefa ƙwaya ɗaya a tafasasshen ruwa tukuna, ta ga ko ta taso a dunƙule, sannan ta ci gaba.

Dabarar da ta yi mini amfani ita ce na daina tambaya, na koma aunawa a bayan tawa mahaifiyar. Ta ɗebo gari da hannu, kafin ta zuba na tare da gwangwani na ga inda ya tsaya, na rubuta. Ta yi mini dariya har ta gaji, amma littafin nan mai tabon manja yana nan a durowar kicin ɗina, kuma shi nake buɗewa duk jajibirin salla.

Kafin zuwan intanet fa, ina ake samun sabon girki?

Aure da maƙwabtaka da tafiya. Amarya ta zo daga Maiduguri da burabisko, maƙwabciya Bayarabiya ta nuna yadda alala ke yin laushi, Hajiya ta dawo daga Makka da kayan ƙamshin shinkafar Larabawa a ƙullin leda. Gidan biki ma makaranta ce: wajen haɗa gara ne 'yanmata ke ganin yadda tsofaffi ke murza alkaki, suna tsoma shi a zuma, suna daka nakiya, suna nannaɗa dubulan.

Sai rediyo da talabijin, musamman shirye-shiryen girkin azumi da kamfanonin sinadarin ɗanɗano irin su Maggi ke ɗaukar nauyi, da ƙananan littattafan girke-girke da ake sayarwa wajen masu littattafan Hausa a kasuwa. Daga baya tashar AREWA24, wadda ta fara aiki a 2014, ta zo da shirin Akushi da Rufi, mata da yawa suka riƙa zama gabansa da biro da takarda.

Na bi bidiyo tiryan-tiryan amma wainata ta ƙi. Laifin wa?

Sau da yawa ba na kowa ba ne. Mai bidiyon ta ce a rufe ƙullu ya kwana, ba ta ce a wane wata ta ɗauki bidiyon ba. Ƙullun da zai kwana lafiya a sanyin hunturu, a zafin Afrilu sa'o'i kaɗan sun ishe shi, idan ya kwana sai ki tarar ya yi tsami har yana hawa kai. Ga kuma shinkafa: ta tuwo ake so, fara, ba 'yar gwamnati da aka turara ba. Ga injin markaɗe, wanda idan mai barkono ta riga ki layi, kin san sauran. Ga tanda: sabuwa fil sai ta yi ta kama miki waina har sai ta sha mai ta saba. Bidiyon minti ɗaya ba ya ɗaukar duk wannan, kuma babu mai ɗora wainar da ta ƙone.

Awo ma yana yaudara. Idan mai girki ta ce "kofi", tana nufin kofin awo mai cin kusan mililita 240, ke kuma kin ɗauki gwangwanin madara wanda bai kai shi ba. Ki tsaya a ma'auni ɗaya tun daga farko har ƙarshe.

Kenan waya ba ta da amfani?

Tana da shi sosai, a inda ya dace da ita. Kayan fulawa irin su kek, donat, sambusa da fanke mai madara awo suke so ba ƙiyasi ba, kuma naɗin sambusa abu ne da gani ya kori ji. Ki mayar da bidiyon baya sau goma babu mai tsawa. A nan YouTube da TikTok sun fi Gwaggo, don ita ba da su ta tashi ba. Sai dai idan an ce a gasa a oven a zafin maki 180, ke kuma tukunya da yashi gare ki a kan gawayi, ki fara gwada guda biyu kafin ki zuba ƙullun duka.

Azuzuwan girki na kuɗi da ake yi a WhatsApp fa?

Akwai na ƙwarai, akwai waɗanda kwafe-kwafe ne kawai aka tara. Kafin ki tura kuɗi, ki nemi ganin hannun malamar tana aikin da muryarta, ki kuma tambaya ko za a iya tura mata hoton abin da ya lalace ta faɗi inda aka kuskure. Na taɓa biyan wani ajin da aka turo mana rubutu shafi-shafi, da na tambayi me ya sa alkubus ɗina ya yi tauri sai aka sake turo mini rubutun nan dai. Washegari na ɗauki kwanon na tsallaka gidan wata dattijuwa a layinmu. Ta gutsura, ta matsa da yatsa biyu, ta ce, "'Yar nan, ai ba ki bar shi ya tashi ba, kuma kin buɗe tukunya tun bai nuna ba."