Waiwaye: abin da ke sa 'yan kasuwar N'Djamena fargabar gyaran tsakiyar birni

Duk ranar da aka ce za a yi wa tsakiyar N'Djamena, babban birnin Chadi, sabon fasali, kafin kowa ya tambayi tsawon benen da za a gina, tambayar da ke fara fitowa daga bakin 'yan tebur da masu rumfuna ita ce: mu kuma ina za a kai mu? Baƙo zai ɗauka ƙin ci gaba ne. Wanda ya zauna a garin nan a 2008 ya san inda tambayar ta samo asali.

Faransawa ne suka kafa garin a 1900, bayan yaƙin Kusiri da Rabe da kwamanda Lamy suka mutu a cikinsa, suka sa masa suna Fort-Lamy. Sai a 1973 shugaba Tombalbaye ya mai da shi N'Djamena. Tun farko an raba shi biyu: ofisoshi da kantunan Turawa a gefe guda, unguwannin laka na 'yan ƙasa a ɗaya gefen. Cikin waɗannan unguwanni kakanninmu Hausawa suka sauka, wasu fatake, wasu maniyyata da ke tafiya Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare suka kafa sana'a. Yawancinsu ba su da takardar fili. Shaidar mai unguwa da ta maƙwabta ta ishe su a wancan zamani, kuma wannan rashin takarda shi ya zame wa jikokinsu ƙarfen ƙafa.

Yaƙin basasa na 1979 da 1980 ya ragargaza tsakiyar garin, jama'a suka tsallaka kogi zuwa Kusiri, suka dawo suka sake ginawa da guminsu. Da man fetur na yankin Doba, a kudancin ƙasar, ya fara fita a 2003, kuɗi ya shigo, gwamnatin Idriss Déby ta ɗauri aniyar mai da birnin abin nuna wa duniya.

Rusau mai zafi ya zo ne bayan 'yan tawaye sun kutsa birnin a farkon Fabrairun 2008. Ana cikin dokar ta-ɓaci aka ba da izinin rushe gine-ginen da aka ce suna kan filin gwamnati, kuma Gardole, tsohuwar unguwar da ke ƙirjin gari, tana cikin waɗanda aka fara da su. Har manyan itatuwan titin Charles de Gaulle, da masu shaguna ke shan inuwarsu tun zamanin Turawa, aka sare saboda dalilin tsaro. Daga baya ƙungiyar Amnesty International, da taimakon hotunan tauraron ɗan'adam, ta ƙirga gine-gine sama da 3,700 da aka rushe cikin shekara guda, ta kuma ce da yawa ba a ba su isasshen wa'adi ko diyya ba.

Kawuna tela ne, rumfarsa ma ta tafi a rusau ɗin 2008. Ina tuna shi tsaye a bakin titi da keken ɗinkinsa a kan amalanke, yadin mutane ƙunshe cikin zane a kafaɗarsa. Na ce, "Kawu, ina za mu nufa?" Ya ce, "Ɗana, keken dai ya tsira, amma masu kawo ɗinki a ina za su same ni?" Wannan ita ce asarar da ba a sa ta a lissafin diyya. Ɗan kasuwa yakan yi shekara ashirin kafin ƙafar masu saye ta saba da ƙofarsa, kuma ba a ɗaukar wannan sabo a mota a kai bayan gari.

Ba zan ce ba a ga amfani ba. An samu kwalta, an samu dandalin Place de la Nation da aka yi bikin cika shekara 50 da samun 'yanci a cikinsa. Amma da farashin mai ya faɗi a 2014, ayyuka da dama suka tsaya cak, filayen da aka kori mutane daga kansu suka zauna cikin shingen kwano. Harin ƙunar baƙin wake da aka kai ƙofar Babbar Kasuwa a Yulin 2015 kuma ya ƙara wa hukuma hujjar kau da masu kasa kaya a bakin hanya.

Su kansu 'yan kasuwar suna son gyara, domin su ne ruwa ke ci wa kaya, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022 da ta 2024. Abin da suke roƙo shi ne a zauna da shugabanninsu kafin a shafa jan fenti a bango, a biya diyya kafin katafila ta iso, kuma idan an gama sababbin shaguna a fara ba waɗanda aka tasa, a kuɗin hayar da tela da mai goro za su iya biya.