Yadda homon na jikinmu ke tada bairas daga barci: tambayoyi da amsoshi

Wai me ya haɗa homon da ƙwayar cutar bairas?

Bairas 'yar cin arziki ce. Irin su na ciwon hanta nau'in B da HIV, idan sun shiga tantanin jiki, ma'aikatan gidan suke sa wa su kwafe saƙon da ke cikin DNA ɗinsu zuwa RNA, daga nan a ƙera sababbin ƙwayoyi. Kwafewar nan tana da makunni. Homon sinadari ne mai kai saƙo ta cikin jini. Irin kotisol, wanda jiki ke ƙara fitarwa lokacin matsi, yakan ratsa cikin tantani, ya haɗu da makarɓinsa, wato furotin da ke karɓar sa, su wuce tare zuwa cibiyar tantanin, su ɗare kan wani ɗan jerin haruffa na DNA, sai aiki ya kankama. To wasu bairas ɗin suna ɗauke da irin wannan jeri a jikinsu, makarɓin kuwa bai san ɗan gida da baƙo ba. Inda duk ya ga wurin zamansa, zama yake yi.

A ina aka fara gane haka?

A jikin ɓera. A 1936 John Bittner, a Amurka, ya ɗauki jariran ɓerayen da zuriyarsu ke yawan kamuwa da sankarar mama, ya ba wasu iyaye suka shayar da su, sai cutar ta ragu ƙwarai. Ashe abin a nono yake bi. Daga baya aka gane bairas ce, aka sa mata suna MMTV. A farkon shekarun 1980 ɗakin binciken Keith Yamamoto da ke San Faransisko ya nuna ainihin wurin da makarɓin ke zama a DNA ɗinta. Abin da ya fi burge ni shi ne dacewar lokaci: homon na ciki da na shayarwa su ne ke ingiza ta, don haka takan cika nono daidai sa'ad da akwai bakin da zai tsotsa.

Sinadaran girma fa?

Su, wato furotin masu umartar tantani ya girma, ba sa shiga ciki, daga ƙofa suke ƙwanƙwasawa, a riƙa miƙa saƙon hannu da hannu har cibiya. Ba kullum ne kuma suke kunnawa ba. Ƙurajen da ke feso wa mutum a leɓe bayan zazzaɓi, bairas ɗinsu tana kwance ne a cikin jijiya mai kai saƙon ji, kuma sinadarin girman jijiya, NGF, yana cikin masu riƙe ta a barci. A gwaji, da aka janye shi sai ta farka. Ita HIV makunninta na amsa wa furotin NF-kB, kamar yadda Gary Nabel da David Baltimore suka nuna a 1987, shi kuma saƙonnin kumburi ne ke tada shi.

Wannan ya shafi mai ciwon hanta?

Sosai ma. Bairas ta nau'in B tana amsa wa homon na maza, wanda yana cikin dalilan da ake ganin sun sa sankarar hanta ta fi kama maza. Tana kuma da wurin zaman makarɓin kotisol, magunguna irin dexamethasone da prednisolone kuwa kwaikwayon kotisol suke yi. Ɓarna biyu ke nan a lokaci ɗaya: suna danne garkuwar jiki, suna kuma danna makunnin.

Nan ne nake jin tsoron masu sayen dexamethasone a kemis don su yi ƙiba, ba tare da sun taɓa gwajin hanta ba. Mace tana ganin kumatu sun ciko, ba ta san abin da ke hayayyafa a hantarta ba. Sau da yawa ma rikicin sai an daina shan maganin yake tashi, lokacin da garkuwa ta farfaɗo ta far wa hantar, ido ya yi rawaya.

To kada mai cutar ya sha su ke nan?

A'a, akwai cututtukan da dole sai da su. Likita kan yi gwajin jini tukuna, in an ga ƙwayar kuma maganin zai ɗau lokaci, sai ya haɗa da maganin danne bairas ɗin, tenofovir ko entecavir, a ci gaba da sha har wasu watanni bayan an gama.