Zafin gaba da ya ƙi jin maganin sanyi: tambayoyi da amsoshi

Wane irin ciwo ne wannan?

Zafi ne ko raɗaɗi a bakin gaban mace, wanda ya ɗauki aƙalla wata uku, an duba ba a ga ƙwayar cuta ba, ba a ga ƙurji ko rauni ba. Likitoci na kiransa bulbodiniya. Wata za ta ce kamar an zuba mata barkono, wata ta ce kamar tsaga da reza. Wasu sai an taɓa wurin suke ji, kamar lokacin saduwa, ko sanya matsattsen wando, ko doguwar tafiya a kan babur. Wasu kuwa ko suna kwance zafin na nan.

Ba ciwon sanyi ba ne?

A nan ake yawan ɓata. A wurinmu duk abin da ya taɓa mace a gaba, sanyi ne. Sai ta sha na kemis, ta sha na gargajiya, ta yi tsarki da ruwan zafi da bagaruwa, ta koma wani kemis ɗin. Idan babu ƙwayar cuta, me maganin zai kashe? Yawan wanke-wanke da sabulu mai ƙamshi, da turare, da cushe-cushe, sai dai su ƙara tunzura fatar da dama ta riga ta yi laushi. Likita yakan fara kawar da zargin sanyi da cututtukan fata, sannan ya ɗauki tsinken auduga yana ɗan dangwala wurare daban-daban a bakin gaba, yana tambayar inda ya fi zafi. Macen da ke da wannan matsala, taɓawar auduga kawai kan sa ta zabura.

To ina ruwan masu gashin ƙashi da ciwon mata?

Suna cikin masu magance wannan zafin. Da yawa sun ɗauka sashensu, wato sashen fisiyo, na masu karaya ne da shanyewar ɓarin jiki. A ƙasan ƙugu akwai wasu tsokoki da suka shimfiɗu daga ƙashin mara zuwa ƙashin gindi, suna riƙe da mafitsara da mahaifa da dubura. Jiki in yana jiran zafi, sai su ɗaure. Ki dunƙule hannunki da ƙarfi na minti biyar, ki ji yadda zai yi tsami. To tsokar da ta shekara a dunƙule fa? Zafi ya jawo ɗaurewa, ɗaurewa ta ƙara zafi, har ya kai mace tana jin motsin maigida jikinta ya riga ya ƙulle, ba da son ranta ba. Aikin fisiyo shi ne kwance wannan ƙulli.

Me ake yi a ɗakin fisiyo?

Ranar farko yawanci hira ce da bayani. Ba a taɓa ki sai da izininki, kuma kina da damar cewa mace kike so ta duba ki. Bayan nan ana koya miki numfashi daga ciki, wanda in kin ja iska cikinki ya taso, tsokokin ƙasa su saki. Ma'aikaciyar takan sa safar hannu ta danna wuraren da suka ɗaure a hankali, daga waje ko da yatsa ɗaya daga ciki. Akwai na'urar da ke nuna miki a allo lokacin da tsokar ta matse da lokacin da ta saki. Akwai kuma wasu sanduna masu santsi, daga ƙarami zuwa babba, da za ki riƙa gwadawa a gida da man shafawa na musamman, ba gaggawa.

Na ji ana cewa a yi atisayen Kegel. Zai taimaka?

Kada ki fara shi da kanki. Kegel, wato atisayen matse tsokokin ƙasan ƙugu da sakinsu, na ƙarfafa tsokar da ta saki ne, kamar mai yoyon fitsari bayan haihuwa. Taki kuwa a ɗaure take. Haka ma kayan matsi da ake tallatawa: ke da kike neman sassauci, me ya haɗa ki da su?

Da gaske ana samun sauƙi?

Ana samu. Wani bincike da aka yi a Kanada, aka wallafa a 2021, ya raba mata 212 gida biyu: wasu suka yi mako goma na fisiyo, wasu suka riƙa shafa maganin kashe zafi na lidoken da dare. Waɗanda suka yi fisiyo sun fi samun raguwar zafi lokacin saduwa. Sai dai ba aikin kwana biyu ba ne, kuma wasu na buƙatar a haɗa musu da maganin jijiya ko ganin mai ba da shawara kan damuwa.

Ta ina zan fara?

Daga likitan mata. Ki gaya masa tsawon watannin, da irin zafin, da duk abin da kika sha ko kika cusa, ba ɓoye-ɓoye, sannan ki nemi ya tura ki sashen fisiyo. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, suna da wannan sashe. In da hali ki tafi da maigida, ya ji da kunnensa daga bakin likita cewa ba gudunsa kike yi ba.