Ma'aikacin gwamnati da shagon POS: me doka ta ce?

Jiya da daddare gardama ta kaure a majalisarmu ta Tudun Wada a Zariya. Wani abokinmu ma'aikacin gwamnati ne ya buɗe shagon POS a Sabon Gari, yana tashi daga ofis sai shago, sai wani ya ce masa Malam ka taka doka fa, shi ko ya dage wai bayan ƙarfe huɗu lokacinsa ne ba na gwamnati ba. To a takarda dai mai tsokanar ne ke da gaskiya.

Maganar tana cikin kundin tsarin mulki na 1999, jadawali na biyar, wajen ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata. Abin da aka ce shi ne in dai aikinka na cikakken lokaci ne ba ka da damar gudanar da wani kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kanka, kuma ba a ware dare ko ranar Asabar ba. Kada wani ya ce ai wannan ta manyan Abuja ce, ta hau kan ma'aikacin jiha da na ƙaramar hukuma, har 'yan jami'a, wato mutanenmu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru da Kongo ma suna ciki.

Ƙofa ɗaya aka bari, noma. Ka je Giwa ko Maigana ka yi masararka buhu ɗari ba wanda zai ce maka kanzil, amma ka zauna a shago kana ƙirga canji, nan ne matsalar. Ku lura kuma gudanarwa aka hana, shi ya sa za ka ga shago da sunan uwargida ko ƙane, oga sai dai ya leƙo da magariba wai ya zo gaisuwa.

In aka kai ƙara, Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ce ke bincike ta miƙa wa kotunta, hukuncin kuwa zai iya kaiwa ga rasa kujera ko a hana ka riƙe muƙami har shekara 10.

Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya, mafi ƙarancin albashi dubu 70 aka sa a 2024, mai iyali ya biya haya da kuɗin makaranta da me? Ba kowa ne ya gaji gona ba, taki ma kuɗi ne. Abokin namu dai ya yi shiru yana juya kofin shayinsa, can ya tambaya ko kiwon kaji ma noma ne.