Waiwaye: Alhakin kamfanonin maganin feshi kan lafiyar manoma

A shekarar 1977 ma'aikatan masana'antar Occidental Chemical da ke Lathrop a jihar Kalifoniya ta Amurka suka lura cewa haihuwa ta tsaya musu. Da aka gwada maniyyinsu, sai aka tarar wasu ba su da ƙwayar haihuwa ko ɗaya. Musabbabin shi ne DBCP, maganin da ake zubawa a ƙasa don kashe ƙananan tsutsotsi masu cin saiwa. Tun ƙarshen shekarun 1950 gwajin da aka yi wa kamfanonin Dow da Shell a kan ɓeraye ya nuna yana ƙanƙance 'ya'yan maraina, amma aka ci gaba da sayarwa. Ko bayan asiri ya tonu a 1977 ba a daina zuba shi a gonakin ayaba na Amurka ta Tsakiya ba, inda leburori ke taɓa shi da hannu tsirara. Sai a 1997 kamfanonin suka yarda su biya kimanin dala miliyan 41 ga leburori wajen 26,000. Idan aka raba, kowa bai kai dala 2,000 ba, tun kafin lauyoyi su cire nasu.

Irin wannan ɓarna ce ta sa hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da ƙa'idojin cinikin maganin ƙwari a 1985, sannan yarjejeniyar Rotterdam ta 1998, wadda ta fara aiki a 2004, ta wajabta neman amincewar ƙasa kafin a tura mata wasu magunguna masu haɗari. Kamfanoni kuwa sun fi karkata ga horar da manoma da gyara takardar jikin kwalba: zane-zanen gargaɗi, da launi a gindinta, ja ga mafi dafi, sai rawaya, shuɗi da kore. Matakin yana da amfani, sai dai ya mayar da nauyin duka kan mai feshi.

A nan ne gizo ke saƙar. Takarda ta ce a sa rigar kariya, takalmin roba, safar hannu da takunkumi. Wanda ya goyi tankin lita 16 cikin zafin Sakkwato ko Maraɗi ba ya daɗewa zai tuɓe su, in ma yana da kuɗin saye. Lokacin da ya fi haɗari shi ne na haɗa magani, domin a sannan maganin yake da ƙarfinsa, ba a surka shi da ruwa ba. Ga masu aunawa da murfin kwalba suna gaurayawa da hannu. Robar murfin tanki idan ta mutu, maganin na zuba a gadon baya, rigar da ta jiƙe da gumi ta riƙe shi a fata tsawon yini. Bakin famfo ya toshe, sai a hura da baki. Ƙa'idojin FAO da kansu sun ce a guji maganin da sai da kayan kariya masu tsada ko takurawa, musamman ga ƙananan manoma a ƙasashe masu zafi. Wannan sashe ne ya kamata a riƙa tsare kamfanoni da shi.

Maganin ciyawa na paraquat ya nuna iyakar kwaskwarima. Kamfanin ICI na Ingila ya fito da shi a 1962 da sunan Gramoxone. Ba shi da makari, kurɓi ɗaya na iya lalata huhu cikin kwanaki. An ƙara masa launi, wari da sinadarin sa amai, duk da haka mutuwa ba ta tsaya ba. Tarayyar Turai ta haramta shi a 2007, amma kamfanin Syngenta, wanda ya gaji ICI a wannan sana'a, ya ci gaba da haɗa shi a garin Huddersfield na Ingila yana fitarwa waje. Faransa ta toshe irin wannan ƙofa daga 2022.

A Najeriya, bayan Turai ta dakatar da shigar waken ƙasar a 2015 saboda yawan maganin ƙwari na dichlorvos a jikinsa, NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper, mai ɗauke da wannan sinadari, a 2019. Batun kwalaben da aka gama da su kuwa har yau yana nan. Ƙa'ida ita ce a ɗauraye sau uku, a juye ruwan cikin tanki, a huda kwalbar. Brazil ta yi doka a 2000 da ta ɗora wa kamfanoni kwashe su. A ƙauyukanmu ana zuba musu man gyaɗa ko ruwan sha.