Tubalan Lego a kwamfuta: me ya sa ake daidaita ƙananan sassansu?

Masu sha'awar Lego da dama suna gina motoci da gidaje a kwamfuta tun kafin su taɓa tubalin roba ko ɗaya. Galibinsu sun dogara ne da taskar sassa ta LDraw, wadda James Jessiman, ɗan Ostireliya, ya fara a 1995. Bayan rasuwarsa a 1997, 'yan sa kai suka ci gaba da aikin.

Waɗanne sassa ne ake maimaitawa?

Dubi tubali mai lamba 3001, wanda ke da maɓallai (ƙananan tudu masu da'ira da ke sa tubalai su kama juna) takwas a samansa, biyu a faɗi, huɗu a tsawo. Mai zana shi ba ya zana maɓallan ɗaya bayan ɗaya. An riga an zana maɓalli sau ɗaya a fayil mai suna stud.dat, sai fayil ɗin tubalin ya kira shi sau takwas, yana faɗa wa kowanne inda zai zauna. Haka ake yi da silinda da da'ira da akwati. Waɗannan su ne sassa na asali, duk suna cikin jakar fayiloli guda mai suna p, kowa yana ɗiba daga can.

Don a rage wa mai zane wahala ne kawai?

Akwai wannan, amma a ganina shi ne mafi ƙanƙantar amfanin. Babban amfanin yana wajen gyara. Idan aka gano kuskure a maɓalli, fayil ɗaya za a gyara, dubban tubalai su gyaru nan take. Wanda kuwa ya zana nasa maɓallin da hannu, tubalinsa zai zauna da kuskurensa har sai wani ya bi shi ya gyara shi kaɗai.

Sannan manhajoji sun san sunayen waɗannan sassa. LDView, alal misali, idan ta ci karo da silinda ta asali, tana iya musanya ta da wadda ta fi santsi, ko ta ɗora tambarin kamfani a kan maɓalli. Maɓallin da aka zana da hannu ba ta gane shi, sai ya fito da kaifi-kaifi a tsakiyar 'yan'uwansa masu sumul.

Da wane ma'auni ake aiki?

Da LDU, wato ma'aunin LDraw, wanda ya kai kusan milimita 0.4. Faɗin tubali mai maɓalli ɗaya 20 ne, tsayinsa 24, siririn faranti kuma 8, shi ya sa faranti uku ke daidai da tubali ɗaya. Shi maɓallin faɗinsa 12, tsayinsa 4. Tunda lambobin cikakku ne, tubalin da wani ya zana shekaru ashirin baya yana hawa kan na yau ba tare da giɓi ba.

Yaya sashe ɗaya ke fitowa ja a nan, shuɗi a can?

Ba a ba shi launin kansa. Ana rubuta masa lamba 16, wato ya ɗauki launin duk abin da ya kira shi. Lamba 24 kuma ta layukan gefe ce.

Ana iya miƙar da sashe ko a matse shi?

Wasu ana iya. Silinda ta asali ana faɗaɗa ta ko a tsawaita ta gwargwadon buƙata. Maɓalli kuwa ba a faɗaɗa shi, don girmansa ne ke sa tubalai su kama juna. Akwai kuma batun da'ira: ta yau da kullum gefe 16 gare ta, manyan sassa kuma suna amfani da mai gefe 48 don kada kusurwoyi su bayyana. Haɗa iri biyun a wuri ɗaya ba tare da sashen da ke sada su ba yana barin tsaga, kuma wannan na cikin abubuwan da sababbin masu zane ke yawan tuntuɓe a kai.

Wa ke yanke hukuncin abin da zai shiga taska?

Mai zane yana tura aikinsa zuwa Parts Tracker, shafin LDraw na tantance sassa, inda ƙwararrun 'yan sa kai ke dubawa, su amince ko su dakatar da shi har a gyara. Suna duba suna da ma'auni, da ko akwai sashen da ya riga ya yi wannan aikin. Wasu na ƙorafin jinkiri, ni kuwa ina bayan masu dubawar, domin sabon sashe na asali da ya shiga yau, ɗaruruwan tubalai na iya jingina da shi gobe, kuma sauya masa suna ko girma a lokacin zai lalata su duka.