Shaƙewar sauti da tsallen allura a garmaho

Shaƙewar sauti a garmaho shi ne lokacin da ka ɗora faifai sai ka ji murya ta dishe ko ta yi kaushi, musamman in mawaƙi ya ɗaga murya ko ya zo kan harafin "s" sai ya fito kamar ana yaga takarda. Tsallen allura kuma shi ne allurar ta kasa zama daram a cikin kwarmin faifai, wato siririn layin da take bi, wani lokaci ta tsallake gaba, wani lokaci ta maƙale tana ta maimaita layi ɗaya. Akwai na uku da ya fi ɓarna kuma mutane ba su cika lura da shi ba, wato allurar bata fita daga kwarmin ba amma tana karkarwa a ciki tana dukan bangon dama da hagu.

Abin da masu gyaran rediyo ke kira kan allura, wasu su ce katirij, ɗan akwati ne a bakin hannun garmaho. Akwai ɗan dutsen daimon a ƙarshen wani siririn tsinke, tsinken yana zaune cikin 'yar roba, a bayansa maganaɗisu da naɗin waya. Kwarmin faifai ne ke girgiza daimon ɗin, girgizar ta koma wuta 'yar kaɗan, milibolt 3 zuwa 5 a irin kan da aka fi samu. Tun 1958 da faifan sitiriyo ya shigo kasuwa, bangon kwarmin na ciki ke ɗauke da sautin hagu, na waje kuma na dama, wannan zai yi amfani nan gaba.

Datti

A Bauchi dai abu na farko ƙura ce. Lokacin hunturu iska ta bushe, faifai yana jan ƙura kamar yadda leda ke manne wa hannu, kafin gefe ɗaya ya ƙare za ka ga allura ta tara wani dunƙule kamar audugar aljihu, shi ne ke ɗaga ta daga kwarmi. Ana share ta da ɗan buroshi mai laushi daga baya zuwa gaba, yanda faifan ke tafiya, kar a yi gefe da gefe kuma kar a sa yatsa. Faifan da ya shekara talatin a adaka ko ɗakin kaka shi kanshi sai an wanke, in ba haka ba ko sabuwar allura aka sa haka zata yi.

Nauyi

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren iri biyu ne. Akwai masu ɗora kwabo ko sulalla a kan hannu su ɗaure da salatif don allura ta daina tsalle, eh zata daina, amma an danne robar ciki, tsinken ya kwanta har cikin katirij ya kusa shafar faifai. Sai masu tausayin faifai, su kuma su rage nauyi sosai wai kar ya cinye. A gaskiya waɗannan na biyun sun fi yin ta'adi, don allurar da ba ta da nauyi ita ce ke wannan karkarwar, tana kwankwasar bangon kwarmi tana gutsure shi, kuma in ya gutsure shikenan, ko an gyara injin daga baya faifan zai ci gaba da shaƙewa a daidai wajen har abada.

Kowane kai akwai nauyin da kamfani ya rubuta masa. Audio-Technica AT-VM95E giram 1.8 zuwa 2.2, Ortofon 2M Red 1.8, Shure M44-7 da 'yan dije, wato masu sa kiɗa a wurin biki, suka fi so 1.5 zuwa 3, kodayake Shure sun daina yin katirij tun 2018. Yanda ake yi, a juya ƙarfen bayan hannu har hannun ya tsaya a iska, bai faɗi ba bai tashi ba, a mai da lambar sifiri ba tare da motsa ƙarfen ba, sannan a juya su tare zuwa nauyin da ake so. Lambobin tsofaffin injuna suna ƙarya, ɗan sikelin dijital irin mai auna ƙasa da giram ya fi, kuma gara a kusanci lambar sama akan ta ƙasa.

Kusa da gindin hannu akwai wani ɗan maɓalli, antisiket. Faifai in yana juyawa yana jan hannu zuwa tsakiya, antisiket kuma yana ja baya. Galibi ana sa shi daidai da lambar nauyi. In shaƙewar a sifikar dama take kaɗai to ya yi kaɗan, in a hagu ne ya yi yawa.

Waƙar ƙarshe

In farkon faifai tas yake fita amma waƙa ta ƙarshe kusa da takardar tsakiya ita ke dishewa, ba lallai wani abu ya lalace ba. Faifan yana juyi 33 da sulusi a minti ko'ina, to amma a bakin waje kwarmin yana wuce allura kusan santimita 50 a daƙiƙa, can ciki kuma wajen 20, an cusa sautin a ɗan wuri. In katirij ya karkace ko da kaɗan nan asirinshi ke tonuwa. Ana daidaita shi da wata takarda mai layuka da ɗigo biyu, a milimita 66 da 120.9 daga tsakiya, a sassauta sukurori biyun a matsa gaba ko baya har ya miƙe a duka biyun. Masu garmaho ƙirar Technics SL-1200 sun huta, milimita 52 ne daga inda mariƙin katirij ke haɗuwa da hannu zuwa bakin allura. Allura mai zagayayyen baki ta fi shan wahala a nan akan mai siririn baki.

Sauran abubuwa ba su da wuyar ganewa. Daimon yana cinyewa bayan awa 500 zuwa 1000 na aiki, da ido ba a gani, don haka injin da aka sayo na hannu a canza mishi allura kawai kar a tsaya ciniki. Zafin watan Maris da Afirilu yana lanƙwasa faifan da aka bari a mota ko aka jingine a karkace, robar cikin katirij ma tana bushewa ta yi tauri da shekaru. Tebur in ba a miƙe yake ba, ko an ɗora garmaho kan sifika ko kusa da janareto, dole ta yi tsalle. Tsohon faifai mai juyi 78 kwarminsa ya fi faɗi, allurarsa daban ce mai kauri.

Wani lokacin ma laifin ba na allura bane sam. In garmaho yana da ɗan amfilifaya a ciki kuma aka sake cusa wayarsa a ramin da aka rubuta PHONO a jikin babbar amfilifaya, an ƙara sautin sau biyu kenan, zai fito da wata irin tsawa a shaƙe tun daga waƙar farko har ta ƙarshe. Sai kuma wayoyi huɗun bayan katirij, fari da shuɗi na hagu, ja da kore na dama, in ɗaya ta yi sako-sako ko ta yi tsatsa sifika ɗaya zata dinga ɗaukewa tana dawowa, a matse ta da hantsaki a hankali don siririya ce, saurin tsinkewa gare ta.